Darasi: Jinyar Karen da Ya Ji Ciwo

Kare ma'aikaci ne a ƙauye. Shi ke tsaron gida da dare. Shi ke korar dila daga garken awaki. A wasu wurare shi ke korar biri daga gona. Mafarauci kuwa, karenshi shi ne hancinshi, shi ne ƙafarshi. Duk da haka kare ba ya karɓar albashi. Ladanshi sauran tuwo da ruwan sha.

Malamai sun nuna cewa addini ya yarda a ajiye kare domin farauta, domin kiwo da tsaron gona. A cikin hadisi akwai labarin mutumin da ya ga kare yana fama da ƙishirwa. Ya shiga rijiya, ya ɗebo mashi ruwa da takalminshi. Allah ya gafarta mashi saboda wannan jinƙai. Ke nan jinyar kare ba abin kunya ba ce.

Darasin yau ya tsaya kan abu guda. Karen da ya ji ciwo yana bukatar hutu. Amma karen da ya saba gudu bai san hutu ba. Aikin mai kare shi ne ya hutar da ƙafar, ya ba hanci da baki aikin yi.

GA MISALI

Wani manomi yana da baƙin kare mai suna Duna. Duna ke tsaron awakinshi goma sha biyu. Wata rana amalanke ya taka mashi ƙafar gaba, ƙashi ya karye. Manomi ya kai shi wurin malamin dabbobi, aka ɗora ƙafar.

Bayan kwana goma Duna ya fara taka ƙasa. Yana kuka, yana jan igiya. Manomi ya ji tausayi, ya sake shi. A daren nan Duna ya ji motsin dila, ya tsallake darni. Da safe aka tarar da ɗauri ya kwance, ƙafa ta kumbura.

Manomi ya koma wurin malamin dabbobi. Ya ce:

"Malam, na ga yana takawa, na ce ya warke."

Malam ya ce: "Baba, in ka yi ginin laka yau, gobe za ka ɗora mashi azara?"

"A'a. Baya ta bushe, amma ciki ɗanye ne."

"To, haka ƙashi yake, Baba. Zafin ciwo ke fara tafiya. Ƙarfin ƙashi sai daga baya yake zuwa."

"To yaya zan yi da shi? Ba ya zama wuri guda."

"Ba igiya kaɗai ke zaunar da kare ba. Ka ba shi aikin da zai yi yana kwance."

Sauran darasin bayani ne na wannan magana.

KWANA NAWA CIWO KE ƊAUKA?

Kowane ciwo da lokacinshi:

1. Yankan fata da aka ɗinke: kwana 10 zuwa 14 kafin a cire zare.
2. Targaɗe: sati 2 zuwa 6, gwargwadon tsananinshi.
3. Karayar ɗan kwikwiyo: wajen sati 4 zuwa 6.
4. Karayar babban kare: sati 8 zuwa 12.

Malamin dabbobi ne ke faɗin ranar da za a saki kare. Ba kukan kare ke faɗinta ba. Wanda ya iya rubutu ya rubuta ranar ciwon cikin kayenshi. Wanda bai iya ba ya ƙulla igiya: kowace ranar kasuwar garinsu ƙulli guda. Ƙulli takwas, sati takwas ke nan.

RANAR FARKO

Kare mai jin zafi yana cizo, ko da ubangidanshi ne. Ba mugunta ba ce, zafi ne. Sai a kore yara. A matso a hankali, ana kiran sunanshi. A ɗaure bakinshi da tsumma mai faɗi, a zagaya ƙullin bayan kunnuwa. Kada ɗaurin baki ya daɗe, domin da baki kare ke fitar da zafin jikinshi. In yana amai ko numfashi na yi mashi wuya, kada a ɗaure bakin.

In jini na zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta. In jini ya tsaya, a wanke rauni da ruwan gishiri. Ga yadda ake haɗa shi: rabin litar ruwa da aka tafasa ya huce, da ƙaramin cokali guda na gishiri.

Kada a sa baƙin man mota. Kada a sa garin batir. Kada a sa kashin shanu ko ƙasa. Waɗannan suna ƙona nama ko su kawo ruɓa.

Kada a ba kare maganin mutane. Ƙwayoyin ciwon kai da na ciwon jiki da ake sayarwa a kasuwa, irin su farasitamol da ibufurofen, suna iya ɓata hantar kare, ko ƙodarshi, ko cikinshi. Malamin dabbobi kaɗai ya san maganin da ya dace da yawan da za a ba.

In akwai karaya, a ɗora kare bisa buhu ko tabarma, mutum biyu su ɗauka. Kada a bar shi ya bi mutane da ƙafa uku har gari.

ƊAKIN JINYA

Kare mai jinya yana bukatar ƙaramin wuri nashi. A kewaye shi da zana ko darni mai ƙarfi. Faɗin ya kai kamu huɗu, tsawo kamu huɗu, wato wajen metir 2 kowane gefe. Ya isa kare ya tashi, ya juya, ya miƙe. Bai isa ya yi gudu ba. A rufe sama da zana. Rufin na ba da inuwa, kuma yana hana tsalle.

Turke da doguwar igiya ba su kai wannan ba. Igiya na naɗe ƙafa mai ciwo. Kare na iya zabura da ƙarfi ya ja ta, ya fama ciwon. In ya tsallake darni da igiya a wuya, yana iya shaƙewa.

A zuba rairayi mai tsabta, a shimfiɗa tsohon buhu. A share wurin kullum, domin ƙuda na bin ƙazanta. Ƙuda na yin ƙwai cikin rauni, ƙwai su zama tsutsa.

A lura da zafi. A Maraɗi, Damagaram da Tawa, zafin watan Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40. Kare ba ya gumi kamar mutum. Karen da ke sake yakan nemi inuwa, ya tona rami mai sanyi. Wanda aka tsare ba ya iya zuwa ko'ina. Saboda haka a yi ɗakin ƙarƙashin icce ko rumfa. Da rana a yayyafa ruwa a gefe guda na rairayin, amma kada ɗauri ya jiƙe. Lokacin ɗari kuma a tare gefen da iska ke shigowa.

INA ZA A YI ƊAKIN?

Kare dabba ne mai son jama'a. In aka kai shi bayan gida shi kaɗai, zai yi ta kuka, yana tona ƙasa, yana cizon ɗauri. A yi ɗakin inda zai riƙa ganin mutanen gida: kusa da inda ake daka, ko inda maigida ke saƙar igiya. Ganin mutanenshi na kwantar mashi da rai.

Amma kada ɗakin ya dubi ƙofar gida ko hanya. Duk baƙon da ya wuce, kare zai zabura. Kada ya dubi wurin kaji. In awaki za su fita kiwo da safe, ko mafarauta za su fita da sauran karnuka, a saki tabarma ta rufe mashi gani. A daidai wannan lokaci a ba shi abin taunawa. Bakin da ke aiki ba ya haushi.

HANA LASAR RAUNI

Mutane na cewa yawun kare magani ne. Gaskiyar ita ce yawan lasa na buɗe rauni. Kare na iya cire zaren ɗinki cikin dare guda.

Ana yin maganin wannan da tsohon bokitin roba. A yanke gindinshi daidai faɗin wuyan kare. A naɗe bakin yankan da tsumma kada ya yanke shi. A huda ramuka, a zura igiya, a ɗaure a wuya, bakin bokiti na duban gaba. Yatsa biyu su iya shiga tsakanin igiya da wuya. Kwali mai kauri ma yana yi. Kwana ɗaya ko biyu na farko kare zai ƙi shi, daga baya ya saba. A duba ko yana iya kai baki ga ruwa da abinci.

AIKIN HANCI

A nan ne dabarar take. Hancin kare ya fi na mutum nesa ba kusa ba. Masana sun ƙidaya cewa mutum na da ƙwayoyin jin ƙamshi wajen miliyan 6. Wasu karnuka kuwa nasu na kai miliyan 300. Farauta da hanci take farawa, ƙafa daga baya take bi. In hanci ya yi aiki, kare na gajiya ko bai yi gudu ba. Karen da ya gaji kuwa barci yake. Lafiyayyen kare ma yana barcin awa 12 zuwa 14 a kwana guda. Barci na taimakon warkewa.

Ga wasanni biyar da ba su bukatar kuɗi. In ana wasa, ana iya cire bokitin wuya, muddin mutum na zaune wurin.

1. Neman abinci cikin ciyawa. A farfasa ƙanzo ko busasshen tuwo ƙanana. A watsa cikin busasshiyar ciyawa mai tsabta, marar ƙarangiya, a gaban kare. Abincin da yake haɗiyewa nan take, yanzu sai ya daɗe yana nema.

2. Ƙoƙo uku. A kife ƙoƙo uku a gabanshi. A ɓoye ɗan nama ƙarƙashin guda. In ya taɓa na daidai da hanci, a buɗe mashi, a yaba mashi. A sauya wurin ƙoƙon, a sake.

3. Hannu biyu. A ɓoye abinci cikin hannu guda, a dunƙule duka biyun. Kare ya zaɓa da hanci. Wannan wasan na manya ne, ba na ƙananan yara ba.

4. Tsumma mai naɗi. A zuba gutsattsarin abinci bisa tsohon buhu, a naɗe shi kamar tabarma. Kare ya warware da hanci. In ya fara cin tsumman, a ɗauke.

5. Labarin daji. Mai dawowa daga gona ya riƙo reshen icce, ko dunƙulen ƙasa, ko tsumman da aka shafa a jikin awaki. A aje gabanshi ya shinshina. Kamar yadda mutum ke sauraren rediyo ya ji labarin duniya, haka kare ke jin labarin daji da hanci.

AIKIN BAKI

Lasa da tauna na kwantar da hankalin kare. A shafa kindirmo ko kunu mai kauri a cikin tsohuwar ƙwarya, a ba shi ya yi ta lasa. Ƙwaryar ta zama tashi shi kaɗai, ba a haɗa ta da ta mutane.

A ba shi busasshiyar fatar sa, ko babban ɗanyen ƙashin sa wanda ya fi ƙarfin haɗiya. Bayan ɗan lokaci a ɗauke. Kada a ba shi dafaffen ƙashi, balle na kaza ko na zabo. Dafaffen ƙashi na tsagewa kamar allura, ya soki hanji.

AIKIN KUNNE

Lokacin jinya lokacin koyarwa ne. Ana iya koya ma kare kalmomi uku: "kwanta", "tsaya", "dube ni". In ya yi daidai, a ba shi ɗan abinci nan take. In bai yi ba, a ƙyale, a sake gwadawa. Duka da tsawa ba su koya ma kare komi sai tsoro. Minti 5 sun isa, sau uku a yini. Karen da ya koyi "tsaya" lokacin jinya zai fi amfani ranar da ya koma bakin aiki.

Da marece mai kare ya zauna kusa da shi. Ya shafa mashi baya a hankali, ya cire mashi kaska. Ya yi mashi magana da murya ƙasa-ƙasa. Bayan haka ya wanke hannu da sabuni.

Wasannin da aka hana: jefa sanda ya ɗauko, jan tsumma, kokawa da wasu karnuka, da tsalle domin gaisuwa. A gaya ma yaran gida wannan, domin su ne abokan wasanshi.

ABINCI DA RUWA

Ruwa mai tsabta ya kasance gabanshi dare da rana. A kafa kaskon cikin rairayi kada ya kife.

Rauni na bukatar abinci mai gina jiki. Dusa da ruwa kaɗai ba su isa ba. A ƙara nono, ko dafaffen ƙwai, ko guntun nama. Ramammen kare a ƙara mashi. Mai ƙiba kuwa a rage mashi kaɗan, tun da ba ya gudu, kuma nauyi na wahalar da ƙafa mai ciwo. Abin da aka ba shi wurin wasa, daga cikin rabonshi na yini za a cire.

Kada a ba shi abinci mai albasa da yawa ko tafarnuwa, domin suna ɓata jinin kare. Kada a ba shi ɗanyen huhu ko hanta mai ƙullutun ruwa da mahauci ya jefar. Tsutsar da ke ciki na girma cikin hanjin kare, ƙwanta kuma su koma ga mutane da bisashe.

KOMAWA GA TAFIYA

Lokacin hutu, ana fitar da kare domin fitsari da kashi kaɗai. Sau uku ko huɗu a yini, da gajeriyar igiya, mutum na riƙe.

In malamin dabbobi ya ba da izini, sai a fara tafiya. Satin farko minti 5, safe da marece. Kowane sati a ƙara minti 5. A bi ƙasa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya. Tudun rairayi mai zurfi na gajiyar da ƙafa. In ɗingishi ya ƙaru, a koma ga tafiyar satin baya. Gudu da farauta su ne na ƙarshe. Sannu ba ta hana zuwa.

YAUSHE ZA A KOMA WURIN MALAMIN DABBOBI?

A duba ciwon safe da marece. A koma nan da nan in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Yatsun ƙafar da aka ɗaure sun kumbura ko sun yi sanyi. Ɗauri ya matse ke nan.
2. Ɗauri ya jiƙe, ya zame, ko yana wari.
3. Rauni na fitar da mugunya, ko tsutsa ta shiga.
4. Kare ya ƙi abinci kwana biyu.
5. Kare ya daina taka ƙafar da yake takawa jiya.

HATTARA DA HAUKAN KARE

In cizon dila ne, ko na baƙon kare, maganar ta wuce rauni. Ciwon haukan kare ta yawu yake shiga. Yana iya ɓoyewa cikin jiki sati da yawa ko watanni kafin ya fito. In alamunshi suka fito, ga mutum ko ga dabba, kusan kullum mutuwa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59.000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Yara na cikin waɗanda ya fi kamawa.

Irin wannan kare a tsare shi, a sanar da ma'aikatar kiwo ranar nan. Kada a yi wasan hannu da shi. Kada yara su kusance shi. Malamin dabbobi ne zai faɗi abin da za a yi. In halinshi ya sauya, yana dalala, yana cizon icce da ƙasa, ko muryarshi ta sauya, kada kowa ya taɓa shi.

Mutumin da kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabuni har minti 15. Ya tafi likita ranar nan, kada ya jira. Akwai allura tun shekarar 1885, lokacin da Luwi Pastor na ƙasar Faransa ya yi ma wani yaro ita, ya tsira. Allurar na aiki ne in an yi ta kafin alamu su fito. Karnuka ma suna da tasu, ana fara yi masu tun suna wata uku. Rigakafi ya fi magani.

ƘARSHEN MISALI

Aka sake ɗora ƙafar Duna, aka sake ƙidaya daga farko. Manomi ya yi mashi ɗaki ƙarƙashin bedi, kusa da turmi. Babban ɗanshi ya riƙa kwana kusa da awaki. Kowace safiya, in garke zai fita, a saki tabarma, a ba Duna fata. Da rana ƙoƙo uku, da marece labarin daji. Ƙulli ya kai goma cikin igiya kafin Malam ya ce a fara tafiya. Gaggawar dare guda ta jawo ƙarin jinya. Haƙurin sati goma ya maido ma manomi mai gadinshi. Karen bana shi ke maganin zomon bana, amma sai in yana da ƙafa huɗu.

TAMBAYOYI

1. Don mi ake ɗaure bakin kare kafin a taɓa ciwonshi?
2. Don mi ƙaramin ɗaki ya fi turke da doguwar igiya?
3. A faɗi wasanni uku da kare ke iya yi yana kwance.
4. Mi mutumin da kare ya ciza zai fara yi?

LISSAFI

1. An ce kare ya huta sati 8. Kwana nawa ke nan?
2. Satin farko kare na tafiyar minti 5 da safe, minti 5 da marece. Kowane sati ana ƙara minti 5 ga kowace tafiya. A sati na huɗu, minti nawa zai yi a yini?
3. Rabin lita na ɗaukar cokali guda na gishiri. Lita 2 cokali nawa za su ɗauka?

Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta ma maƙwabcinshi, musamman makiyaya da mafarauta.